Agogon Kamfani da Kalandar Birni: Abinci da Kiɗa da Hirar Dare a Calawa da Sharaɗa da Bompai

Tsakure

Bayanan da aka saba yi wa baƙon Kano game da abinci da kiɗa da bukukuwa sukan tsaya ne a cikin ganuwa, wato kasuwar Kurmi da dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata da hawan salla. Amma akwai baƙi masu yawa da ba kallo ya kawo su ba. Fataken fata ne, ko direbobin manyan motoci, ko injiniyoyi, ko ɗalibai masu neman sanin makamar aiki, kuma kwanakinsu a unguwannin masana'antu suke ƙarewa. Wannan maƙala ta dubi abin da irin wannan baƙo zai ci da abin da zai ji da inda zai yi hira a Calawa da Sharaɗa da Bompai. Ta nuna cewa lokacin shiga da tashi daga aiki shi ne ke tsara rayuwar waɗannan wurare, kuma baƙon da bai fahimci wannan ba zai ɗauka babu komai a cikinsu sai katanga da hayaƙi.

1.0 Gabatarwa

Bompai ce babbar yaya a cikin unguwannin uku. Tana arewa maso gabashin birni, kuma ta tashi ne tun zamanin Turawa a kan cinikin gyaɗa da fata da jirgin ƙasa ya buɗe wa hanya bayan isowarsa Kano a 1911. Sharaɗa tana kudu da ganuwa, an yanka ta rukuni uku. Calawa, wadda allunan kamfanoni ke rubutawa Challawa, ita ce mafi nisa, tana ƙaramar hukumar Kumbotso a kan hanyar Panshekara, dab da kogin da ta ci sunansa. Daga wannan kogi ne aka fara jawo wa birnin Kano ruwan famfo a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A yau kamfanonin jima da na robobi da na buhu da na lemon kwalba su ne suka fi yawa a yankin, kuma a Zawaciki da ke maƙwabtaka aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala a watan Janairun 2023.

Abin da ya haɗa unguwannin uku shi ne ba a gina su don kwana ba. Ma'aikatan Bompai daga Tudun Wada da Dakata da Gwagwarwa suke fitowa, na Sharaɗa daga Ja'en da Sheka da Sabuwar Gandu, na Calawa kuwa daga Panshekara da Kumbotso da ƙauyukan kewaye. Saboda haka jama'a takan cika titi ta kuma watse gwargwadon canjin aiki. Wasu kamfanoni sukan raba yini kashi uku na awa takwas-takwas, wasu kashi biyu na awa 12. Wanda ya ratsa Calawa da hantsi zai ga titi fayau sai tireloli a jere. Wanda ya dawo lokacin da masu aikin kwana ke fita, masu aikin safe ke shiga, zai tarar da kasuwa tana ci a wurin da ɗazu ba kowa.

Paul Lubeck ya yi nazarin leburorin masana'antun Kano a farkon shekarun 1970, ya fitar da littafinsa Islam and Urban Labor in Northern Nigeria a 1986. A ciki ya nuna cewa da yawa daga cikinsu almajirai ne da gardawa da 'yan cirani waɗanda suka shigo kamfani da tarbiyyar makarantar allo, har lokacin salla ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka yi ta ja-in-ja da masu kamfani a kansu. Abin da bai samu kulawar manazarta Hausa yadda ya kamata ba shi ne rayuwar da ke wajen katanga, wato ta masu ciyar da leburan nan da masu ɗebe musu kewa.

2.0 Ƙofar Kamfani a Matsayin Kasuwar Abinci

Da asuba masu koko da ƙosai ne ke fara kafa kasko, tare da masu waina. Koko da ƙosai karin kumallon mai sauri ne, ana iya gamawa da shi a tsaye kafin a rufe ƙofa. Wanda zai yini yana ɗaukar buhu ko jan ƙiraga kuwa ya fi neman abin da zai zauna masa a ciki, shi ya sa ɗanwake ke da kasuwa a nan fiye da yadda baƙo zai zata. Ana kwaɓa shi da garin wake da na rogo ko fulawa, a sa kuka da ruwan kanwa, a jefa a tafasasshen ruwa, a tsame a zuba mai da yaji. Ba ya buƙatar miya, ba ya saurin lalacewa, kuma yana riƙe ciki har azahar. Waɗannan siffofi uku su ne ma'aunin kusan duk abincin ƙofar kamfani.

Da rana garau-garau ke mulki. Shinkafa da wake ne da mai da yaji, wani lokaci da ɗan yankan latas da tumatir da soyayyen kifi ga mai hali. Sunan kansa abin lura ne ga mai nazarin harshe, domin amsa-kama ce da ke kwatanta ƙwayar hatsi a warware ba miyar da ta haɗe ta. A gefensa akwai taliya da mai da yaji, da dambu, da awara, da tuwo ga dattawan da ba su yarda sun ci abinci ba in ba su ga malmala ba. Matan Fulani masu fura da nono sukan zauna a inuwar katanga, kuma a watannin bazara, lokacin da zafin Kano ke kai maƙura, kasuwarsu ta fi ta kowa.

Gurasa ita ce abincin da Kanawa suka fi tinƙaho da shi a gaban baƙo, kuma sun cancanta. Ana danganta shigowarta da Larabawan arewacin Afirka da suka zauna a birni don fatauci, kamar yadda alkubus da alkaki su ma suke ɗauke da sunayen Larabci. A tanderu ake gasa ta, kuma unguwar Jakara ta yi suna wajen yin ta. Daga can da wasu unguwannin birni ake rarraba ta zuwa ƙofofin kamfanoni a cikin kwando. Iri biyu baƙo zai tarar: bandashe, wadda ake yayyafa wa ruwa a barbaɗe da ƙuli-ƙuli da yaji da man gyaɗa da albasa, sai kuma wadda ake ɗumamawa a tukubar mai tsire a ci da nama. Ta farko abincin rana ce, ta biyu ta yamma. Mai son kilishin tsaraba kuwa gara ya shiga birni ya nemi Agadasawa.

Mafi yawan wannan abinci ba a bakin titi ake dafa shi ba. A cikin gidaje matan aure ke dafawa, 'yan mata da yara su ɗauko. Wannan shi ne tsarin tallan da Enid Schildkrout ta bayyana a nazarinta na yaran Kano a shekarun 1970, kuma har yau yana nan da ransa. Ma'anarsa ita ce albashin lebura ɗaya yana ratsa gidaje da yawa kafin ya ƙare. Ciniki kuma ba duka na hannu da hannu ba ne. Ma'aikaci yakan ci bashi wurin mai abincin da ya saba da ita har ranar biya, ita kuma ta ɗauki shinkafa da mai bashi wurin mai kanti bisa wannan alkawari. Idan kamfani ya tsayar da aiki saboda rashin wutar lantarki ko tsadarta, sarƙar gaba ɗaya takan tsinke. An ga haka tun bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, an ga yadda shigowar atamfar waje mai araha ta durƙusar da masaƙu, an kuma sake gani bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da ƙarin kuɗin wuta na watan Afrilun 2024, wanda ya kai naira 225 a kan kowane ma'auni ga masu layin da ake kira Band A. Yawan kwanukan da ke bakin wata ƙofa yana gaya wa mai lura ko injin da ke ciki yana juyawa.

Akwai kuma wani juyi mai ban sha'awa. Abincin da a da sai a gida ake dama shi yanzu ya shiga cikin katanga: kamfanin Dala Foods da ke Sharaɗa yana sarrafa garin kunun tsamiya a ƙunshi, Bompai kuma tana da kamfanin niƙa fulawa na Northern Nigeria Flour Mills. Fulawa kuwa ita ce jarin mai gurasa da mai burodi da mai taliyar murji.

2.1 Ganda da Ganye

Abubuwa biyu ne ya kamata a faɗa wa baƙo ba tare da kara ba, domin sun shafi lafiyarsa.

Na farko ganye ne. Kamfanonin jima na zamani suna amfani da sinadarai, daga ciki har da gishirin kuromiyam, saɓanin majemar gargajiya da ke dogara da bagaruwa da toka. Ruwan da ke fita daga Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Calawa, na Calawa ya shiga kogin kai tsaye, na Bompai kuma ya bi rafin Getsi zuwa Jakara. A gefen waɗannan magudanai ne masu lambu ke noman rani na latas da kabeji da alayyahu da tumatir, kuma masana kimiyyar muhalli sun daɗe suna auna ƙarafa masu guba a ruwan da ƙasar da ganyen. Mai garau-garau ba ta da hanyar sanin lambun da latas ɗinta ya fito, domin a kasuwa ta saya. Wanki yana rage ƙazantar da ke bayan ganye, amma ba ya fitar da abin da saiwa ta riga ta zuƙa. Baƙon kwana uku zai iya cewa a bar masa nasa ba ganye, ya wuce. Leburan da ke ci kullum da mai lambun da ke tsoma ƙafa a ruwan su ne matsalar ta fi ci, kuma ba su ne suka zubar da ruwan ba.

Na biyu ganda ce. Fatar saniya a Kano tana da masu nema biyu, wato majemi da mai tukunya, kuma masu masana'antar fata sun sha kokawa cewa cin ganda yana rage musu ƙiraga. Haɗarin yana wurin da hanyoyin biyu suka haɗu. A 2019 hukumar NAFDAC ta gargaɗi jama'a game da fatun da aka riga aka sa wa sinadari don masana'anta amma ake karkatar da su kasuwar abinci. Hanyar kariya ita ce wadda mazauna wurin ke bi, su ci a wurin wanda aka sani, wanda ma'aikata suka yi shekaru suna ci a hannunsa.

3.0 Abin da Kunne ke Ji

Ba a zuwa Calawa don kallon makaɗi. Kiɗan unguwannin masana'antu daga rediyo da wayar hannu da lasifikar Adaidaita Sahu yake fitowa, kuma yana rarrabuwa gwargwadon masu saurare. A wurin da direbobin tirela ke jiran lodi, wani lokaci kwana da kwanaki, har yanzu Mamman Shata da Haruna Uji da Ɗanmaraya Jos ne ke tashi. Ba abin mamaki ba ne, tun da Ɗanmaraya ya yi wa karen mota waƙa sukutum, kuma mutanen da ya waƙe su ne ke kwance a ƙarƙashin motocin. A wurin mata masu abinci ana jin amadar Barmani Coge, wadda ta yi ta kiran mata su kama sana'a. Samari kuwa na Hamisu Breaker ne da Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa da Ado Gwanja, in kakar zaɓe ta zo kuma waƙoƙin Rarara su rufe kowa. Da safiyar Juma'a da watan Mauludi waƙoƙin bege ke karɓe lasifika.

Sharaɗa tana da matsayi na musamman a nan. A cikinta gidan rediyon Freedom yake, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 2003, kuma tana maƙwabtaka da titin gidan Zoo, inda ofisoshin 'yan fim da ɗakunan ɗaukar waƙa suka taru. Waƙar da aka haɗa da fiyano a can takan iso wayar lebura ta hannun masu tura waƙa a 'yan rumfunan cajin waya. Baƙon da ke son ganin kiɗa da idonsa sai ya nemi wasan Koroso na Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗanhausa, ko ya je gidan dambe na dandalin Ado Bayero a Sabon Gari da la'asar, inda kalangu ke zuga 'yan wasa, ko kuma ya yi sa'ar gayyatar biki.

4.0 Bukukuwa

Bukukuwan Kano na birni ne, unguwannin masana'antu kuwa hutu kawai suke ba su. Ranar salla Calawa kufai ce. Hawan salla da na Daushe a cikin gari ake yin su. Hawan Nassarawa, wanda sarki ke kai ziyara gidan gwamnati, shi ya fi kusa da mai masauki a Bompai, hawan Ɗorayi na ƙaramar salla kuma ya fi kusa da mutanen hanyar Panshekara. A babbar salla Fanisau ake zuwa. Hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024, amma a wannan shekara da wadda ta biyo baya 'yan sanda sun hana hawa a salloli da dama saboda rikicin sarautar da ya biyo bayan mayar da Muhammadu Sanusi II kan karaga a watan Mayun 2024. Don haka kada baƙo ya yanki tikiti saboda kalanda ta ce salla ta zo, sai ya tabbatar za a hau. Takutaha, wadda ake hawa Dala mako guda bayan Mauludi, da Maukibin Ƙadiriyya da Shehu Nasiru Kabara ya assasa, su ma a birni suke.

Biki ɗaya ne za a ce na leburori ne na kansu, shi ne Ranar Ma'aikata ta 1 ga Mayu. Gwamnatin Abubakar Rimi ta jam'iyyar PRP ce ta mayar da ita ranar hutu a Jihar Kano a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. Ƙungiyoyin ƙwadago sukan yi jerin gwano da anko a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Sai dai ma'aikacin wucin gadi da ake biya kullum ko mako-mako, wanda shi ne ya fi cika ƙofar kamfani, sau da yawa ba shi da ƙungiyar da zai yi maci a ƙarƙashinta.

Azumi ma yana sauya fasalin ƙofar kamfani baki ɗaya. Kasuwar rana takan mutu, ta dawo dab da magariba da kunu da ƙosai da ƙanƙara, ta sake tashi da sahur saboda masu aikin kwana.

5.0 Dare

Kalmar da ta dace da daren Bakano ita ce hira. Tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 2000, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001 da Hukumar Hisba a 2003, wuraren shaƙatawar dare na fili sun ragu ƙwarai. An haramta sayar da giya, ko da yake ba a rasa mashaya a Sabon Gari, kuma Hisba takan kama motocin da ke ɗauke da ita. Tsofaffin gidajen silima irin su Plaza da Orion da Marhaba, waɗanda Brian Larkin ya yi nazarin zamaninsu a littafinsa Signal and Noise na 2008, yayinsu ya wuce. Gidan kallon ƙwallo ya gaje su, kuma daren da manyan ƙungiyoyin Ingila ko Sifaniya ke wasa ana jin ihu daga rumfunan kwano tun daga Panshekara har Dakata.

Bompai ta bambanta da sauran biyun. Da yake tana jingine da unguwar Nassarawa, a nan ne tsohon kulob na Kano Club da otal ɗin Central suke, da gidajen abincin Kwarori da na 'yan Sin da na Indiyawa, waɗanda masu kamfanoni da manyan ma'aikatansu ke zuwa. Tsakanin teburin waɗannan gidaje da bencin mai garau-garau tafiyar 'yan mintoci ce, amma da wuya mai cin nan ya taɓa zama can. A Bompai ɗin ne kuma hedikwatar 'yan sandan jiha take, wadda tana cikin wuraren da aka kai wa hari ranar 20 ga Janairun 2012. Daga wannan lokaci ne zirga-zirgar dare ta Kano ta canza. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a farkon 2013, sannan a watan Yulin 2022 aka hana Adaidaita Sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Baƙon da ya yi dare a Calawa ba tare da motar komawa ba zai sha wuya, ga kuma masu ƙwacen waya da suka addabi unguwanni da dama. Mazauna gari ba sa fito da waya a titin da ba haske, kuma ya kamata baƙo ya yi koyi da su.

Abin da ya rage a buɗe bayan kowa ya watse shi ne teburin mai shayi da tukubar mai tsire. Teburin mai shayi yana da nasa ƙamus: ruwan bunu shi ne shayin da ba madara, haɗin kauri shi ne wanda aka cika wa madara da garin koko har cokali ya yi nauyi, ga indomi da wainar ƙwai da suka zama abincin daren gwauro. A kan bencin nan ake jin kamfanin da ke ɗaukar ma'aikata da wanda ya sallami mutane, da farashin fata, da abin da aka faɗa a shirin siyasa na rediyo. Baƙo yakan yi sallama ya zauna inda aka matsa masa, in an ce bismilla ya ce alhamdu lillahi ko ya sa hannu, kuma ba ya ɗaukar hoton kowa sai ya tambaya. Mace baƙuwa ba ta saba zama a teburin ba, akan aika a sayo mata ne. Wajen ƙarfe biyun dare masu gadi da direbobin da ke jiran lodin safe ne kawai ke saura, mai shayi kuma ba ya kashe wuta, domin kafin kiran assalatu masu aikin kwana za su fara fitowa.